Sawun da Rana Ta Fito da Shi

Da hantsi labari ya gangaro daga saman gari zuwa bakin jirage. An kwashe ruwan azurfa a kantin maganin Sinyo Firminu, kuma an ɗaure Altine.

Kafin ya iso kunnen Ɗanbaba, labarin ya yi ƙiba. Wasu suka ce guba aka sace za a zuba wa fararen fata a rijiya. Wasu suka ce 'yan ƙabilar Nago ne suka yi don a shafa wa Hausawa. 'Yan dako suka ajiye buhunan sukari, kowa yana kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido. Tun bayan tashin da bayi Musulmi suka yi a watan azumi, abu kaɗan ke sa 'yan sanda su bi gida gida a garin Bahiya, kuma babu gidan Bahaushe da ba a binne allo ko 'yar takarda a cikinsa ba.

Ɗanbaba shi ne sarkin dakonsu. Maharbi ne a dajin Zazzau kafin a kama shi, kuma har yanzu ƙasa yake kallo in yana tafiya. Altine tana yarinya aka jefa ta jirgi ɗaya da shi. Ba shi da kowa a wannan gefen teku sai ita. Ya fanshi kansa, ita tana nan baiwa, tana wanke kwalabe.

Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ku rufe bakinku ku ɗauki kaya." Ya kama hawan tudu yana zagin gwiwoyinsa.

*

Sinyo Firminu gajeren mutum ne mai saurin fushi. Ya san Ɗanbaba, domin mutanensa ke hawo masa da akwatuna daga jirgi. Ya ja shi ɗakin baya, ɗaki mai duhu, babu taga sai 'yar kafa a sama. Altine na zaune a kusurwa, igiya a hannu.

"Jiya da rana na narka azurfar a wannan," in ji Firminu da Fotugis, yana kaɗa wata babbar kwalba. "Na rufe da baƙin ƙyalle, na hau sama na kwanta. Yau dubi abin da ya rage! Cokali ɗaya!"

"Me ake yi da shi?"

Firminu ya tofa yawu a ƙaramin kofi, ya ɗiga ruwan. Nan take yawun ya yi fari, ya tsinke kamar nonon da ya kwana.

"Gishiri yake nunawa. Yawu, gumi, hawaye, fitsari, duk inda gishirin jiki yake sai ya yi fari. Likitoci ke aiko mini da na majinyata in duba. In ya taɓa fata kuma, rana ta gan shi, sai wurin ya yi baƙi, sabulu ba ya fitar da shi." Ya finciko hannun Altine. "Dubi yatsunta."

Akwai ɗigo-ɗigon baƙi a kansu.

"Mai wanke kwalabenka ce," in ji Ɗanbaba. "Yatsun wa kake so su yi baƙi, na matarka?"

"Wanda ya sha wannan ruwa zai mutu. Ban san wa aka nufa da shi ba. In an kaɗa ƙararrawar yamma ban ga ɓarawo ba, zan miƙa ta ga 'yan sanda. Bulala za ta tambaye ta."

Ɗanbaba ya san irin tambayar. Ya ga bayan waɗanda suka amsa ta. Ya tsuguna gaban Altine, ya koma Hausa.

"Ke. Su wa suka shigo jiya?"

"Baba, ni an aike ni ɗibar ruwa."

"Ban tambaye ki inda kika je ba."

Ta sunkuyar da kai. "Laraba ta kawo fitsarin mijinta. Zubairu ya kawo ma'aunin da ya gyara." Ta sassauta murya. "Sai Antoniyo da matsattsaku."

"Umaru Mai Gicciye? Wannan ko ƙwai ba zai iya sata ba, sai ya nemi iznin fadan coci." Ya dube ta da kyau. "Kin san wani abu."

"Ban san komai ba, Baba."

"Ƙarya kike yi, kuma ba ki iya ba."

Ta ƙi ɗago kai. Ya tashi ya duba ɗakin. Daɓen dutse ne, an share, ya bushe. Kura ma da ta bi ta nan ba za ta bar masa komai ba. Ya yi tsaki ya fita.

*

Laraba tana tuyar ƙosai a bakin titi, a gindin wata katanga. Mijinta Musa na kishingiɗe a bayanta. Da ɗan dako ne mai ɗaukar buhu biyu, yanzu ƙafafunsa sun kumbura kamar turame.

"An ce kin rantse za ki farfasa kwalaben kantin nan," in ji Ɗanbaba.

"Na rantse, kuma zan sake rantsewa! Sarki, mutumin nan da ƙafarsa ya je. Suka karɓi fitsarinsa, suka ɗora a kan fitila, ya daskare fari kamar an dafa ƙwai. Suka ɗiga wani ruwa, ya ƙara yin fari. Sai ɗan guntun nan ya kaɗa kai ya ce ƙoda ce ke zubar da ƙarfin jikinsa. Tun daga ranar bai ƙara tashi ba. Ba kwalbar ce ta sa masa baki ba?"

"Ya kumbura kafin ya je."

"Kaɗan!"

"Na kumbura sosai, Laraba," in ji Musa daga baya.

"Kai yi shiru, ba da kai ake ba."

Ɗanbaba ya ce, "Wace kwalba ce?"

"'Yar ƙarama, mai murfin gilashi, tana hayaƙi. Jiya na kai mata hannu, ba zan ɓoye maka ba. Ta cije ni na sake ta." Ta miƙo yatsa. Kan yatsan ya yi rawaya kamar an tsoma a ruwan rawaya na rini.

Ya juya hannunta gaba da baya. Mai ne da gari, sai rawayar nan. Babu baƙi ko ɗigo, alhali tun asuba take cikin rana.

"Ko ɓarna ma ba ki iya ba. Wancan ruwa mai cin ƙarfe ne, daban yake da wanda ya ɓata."

"To wa ya sani? Duk kwalba kwalba ce. Ka ci ƙosai?"

"Yarinya na ɗaure kina ce mini ƙosai."

Ya ɗauki biyu ya wuce.

*

Zubairu maƙerin farfaru ne, Bakano, yana da rumfa a ƙasan gari. Sai da Ɗanbaba ya sake gangarowa tudun nan duka kafin ya same shi.

"A'a, Bazazzage! Me ya fito da kai daga daji?"

"An ce ka tambayi Firminu yadda ake mayar da ruwan azurfa ya koma azurfa."

"Na tambaya. Mutum ya ɗauki azurfa mai kyau ya narka ta don ya ɗiga a fitsari! Ba dole zuciyata ta yi ciwo ba? 'Yan kunne nawa ke cikin kwalbar nan?"

"Bakano ko a makabarta sai ya taya likkafani. Nuna hannunka."

Hannun baƙi ƙirin, har gwiwa. Mutanen da suka biyo Ɗanbaba suka fara guna-guni. Wani ya ce, "Shi ne!" Wani ya ce dama ya daɗe yana zarginsa.

"Baƙin gawayi ne, 'yan banza!" in ji Zubairu. "Kun taɓa ganin maƙeri da hannun amarya?"

Ɗanbaba ya sa aka kawo sabulu. Zubairu ya wanke yana zage-zage, ya haɗa har da kakannin Zazzagawa. Ruwan ya yi baƙi, tafin hannun ya fito fes.

Rana ta riga ta karkata. Ɗanbaba ya dubi tudun, ya dubi gwiwoyinsa.

*

A kan hanya ya bi ta rumfar Umaru wanzami, don dai kada a ce bai bi ba. Sa'ansa ne, da tare suke sallah. Bayan tashin, da aka yi wa ƙanen Umaru bulala har ya mutu, sai Umaru ya rataya gicciye a wuya, ya zama Antoniyo, yana shiga coci ran Lahadi a sahun gaba. Tun daga lokacin Ɗanbaba bai ƙara amsa masa gaisuwa ba, kuma da yake shi ne sarki, kowa ya bi.

Umaru na zaune a inuwa, sanye da kwat da takalmi, hannayensa cikin hammata. Bai buɗe jakar aska ba.

"Ka je kantin jiya?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka ga wani ya taɓa babbar kwalba?"

Ya girgiza kai.

"Sun karɓi harshenka ma a cocin?"

Umaru ya kalli ƙasa. Ɗanbaba ya tofar da yawu ya wuce. Kunya ce, in ji shi a ransa, kuma ya dace ya ji ta.

*

Ya koma ɗakin baya ba shi da komai a hannu. Firminu na gaban kanti yana auna magani, yana duban agogo da gangan. Altine ta dube shi ta kau da kai.

Ɗanbaba ya zauna a kan akwati. A daji, in sawu ya ɓace, ba a yin gaba, komawa ake yi inda aka fara a sa hanci. Ya rufe ido ya shaƙa. Warin magani, warin ƙura. Da kuma warin danshi, a ɗakin da ya bushe.

Ya bi warin zuwa bayan akwatuna. Wani tsohon buhu ne, an ninke shi da kyau an cusa. Cikinsa da sauran laima. Ya warware, babu komai a jiki, buhu dai kamar kowane buhu.

"Wa ya jiƙa wannan?"

Altine ta ce, "Ɓera, wataƙila."

"Ɓera mai ninke buhu gida huɗu."

Ya tuna maganar Firminu. Ya fita tsakar gida ya shimfiɗa buhun inda rana ta fi zafi, ya tsaya a kansa da sanda. Da farko ba abin da ya faru, har ya fara jin kansa wawa. Sai wurare suka fara yin toka-toka, suka koma shuɗi, suka koma baƙi.

Ya tsuguna. Ɗigo ne birjik a gaba, ruwan da ya zubo daga sama kaɗan, ya fantsama. A gefe ɗaya akwai wani dunƙule daban, mai kauri, da ɓurɓushi kamar busasshen nono. Yawu ke nan, an tofar da ƙarfi. A tsakiya kuma wurare biyu sun tsira, ruwa bai taɓa su ba. Tafin ƙafa biyu, a jere, nauyi a kan yatsu. Mutum a tsugune.

Ƙafa ba takalmi. A garin nan bawa ne ke tafiya ba takalmi. Ya sa tafin hannu ya auna. Ƙafar namiji ce, babba. Ya ƙara dubawa. Ƙafar ɗan dako yatsunta a baje suke kamar na agwagwa. Waɗannan a matse suke, babban yatsa ya karkato ciki. Ƙafa ce da ta shekara da shekaru cikin takalmi.

To wane irin ɓarawo ne zai shigo, ya shimfiɗa buhu, ya cire takalmi, ya tsuguna, ya zuba abin da ya zo sata a hannunsa, sannan ya kai baki?

Ɗanbaba ya daɗe a tsugune. Da ya tashi, bai zagi gwiwoyinsa ba. Ya leƙa ɗakin.

"Tun yaushe?"

Altine ta fara kuka. "Tun da aka kawo ni kantin nan, Baba. Ni ke tsare masa ƙofa. Ruwan babbar kwalba nake ba shi, na tururi ne, ya fi kowane tsabta. Jiya ba na nan. Bai san an narka abu a ciki ba."

"Shi ne za ki sha bulala."

"In na faɗa, kashe shi za su yi. Wanda ya ɗauki gicciye ya koma, ba sa barinsa."

"Kowa a garin nan ya zama waliyyi. Ni kaɗai ne jakin da ke hawan tudu."

Ya ninke buhun ya cusa cikin riga.

*

Ya tara su a bayan katangar Laraba, inda ba a gani daga titi. Musa a kishingiɗe, Laraba da cokalin tuya, Zubairu yana ta nuna wa mutane tafinsa. 'Yan dako suka cika wurin. Umaru ya zo a ƙarshe, ya tsaya nesa, kamar kullum. Ɗanbaba ya sa mutum biyu a bakin lungu. Inuwa ta riga ta haye katanga.

"Laraba ta so yi, ta kama kwalbar da ba ita ba," in ji shi. "Zubairu ya so yi, tsoro ya hana shi."

"Mutunci ya hana ni!"

"Tsoro. Babu wanda ya saci komai. Babu guba, babu Nago. Ku da kuka ce akwai, ku ji kunya."

Ya shimfiɗa buhun. Suka matso, suka ga baƙin tabo, ba su gane ba. Bai yi musu bayani ba. Ya cire takalmansa ya ajiye a gefe. Ya ɗora ƙafafunsa a kan sawun, ya tsuguna. Ya karkata hannun hagu kamar mai riƙe da buta, ya wanke dama, ya wanke hagu, ya maimaita, ya sake maimaitawa. Ya kamfata ya kai baki. Ya juya ya tofar, daidai kan dunƙulen nan.

Babu wanda uwarsa ba ta koya masa wannan ba.

"Alwala," in ji Musa a hankali.

"Mu nawa ne ke sa takalmi?" in ji Ɗanbaba. "Ni ban je ba. An wanke Bakano a gabanku." Bai juya ba. "Umaru, fito da hannunka."

Umaru ya tsaya kamar ba zai motsa ba. Sannan ya zare hannayensa daga hammata. Tafin baƙi, farata baƙi, har wuyan hannu, inda ruwan ya tsaya a layi ɗaya. Ya buɗe baki zai yi magana, aka ga leɓensa na ciki ya ƙone, dasashi ya yi toka.

"Azahar ce," in ji shi, da ƙyar ake ji. "Ɗakin bayan kantin kaɗai ke da ƙofar da ake rufewa. Da ya ƙone mini baki, kwalbar ta kuɓuce, sauran ya bi kwata."

Laraba ta saki cokali. "Shekarun nan duka? Ni da nake juya maka baya in ka zo sayen ƙosai?"

"Gara haka. Wanda kuke zagi, su ba sa bincikarsa."

"Wannan tsakaninka da Ubangijinka ne," in ji Ɗanbaba. "Abin da ke tsakanina da kai shi ne ka wuni a inuwa, yarinya na ɗaure."

Umaru ya sunkuya. "Na tashi zan je, ƙafata ta ƙi. Bayan ƙanena nake gani."

"To yanzu za ta yarda. Tashi."

"Me zan ce masa?"

"Ka wanke hannu, ka kurkure baki. Ƙarya ce?"

"A'a."

"To tsaya a nan. Ba a tambaye ka dalili ba, kada ka ba da." Ya ɗauki buhun ya miƙa wa Laraba. "Sa a wuta." Ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya. "Gobe duk wanda ya gan shi a titi ya ci gaba da juya masa baya. Wanda na ga ya fara yi masa fara'a, ni zan fasa masa baki. Kun ji?"

Suka ce sun ji.

*

Ana shirin kaɗa ƙararrawa suka iso. Umaru ya shimfiɗa hannayensa a kan teburin kanti ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Firminu ya kama haɓarsa, ya leƙa bakin, ya kira shi jaki da harsuna biyu. Ya ce da ya haɗiye da yanzu ana wankansa. Ya ce kada ya ƙara taka kantin, shi da matsattsakunsa, zai nemi wani wanzamin. Ya dubi gicciyen da ke wuyansa, bai tambayi komai ba.

Sannan ya jefa wa Ɗanbaba wuƙa. Ɗanbaba ya yanke igiyar da kansa. Ta bar shaida a hannun Altine.

"Baba," in ji ta.

"Je ki wanke fuskarki. Da ruwan tulu."

Ƙararrawa ta kaɗa suna fitowa. Tsofaffin biyu suka kama gangara, Ɗanbaba a gaba, Umaru a baya da nisan da ya saba bari. Ya rasa babban mai sayen kayansa, ya rasa ɗakin. Suka kai inda titi ya lanƙwasa, babu kowa.

Ɗanbaba ya tsaya, yana kallon teku.

"Akwai lungu a bayan ɗakina. Da tulu. Ƙofar na rufuwa. Ka zo da jakar aska, a ce aski nake yi."

"Kullum? Kai da ba ka da gashi?"

"Gemu gare ni. Kada ka dame ni."

Umaru ya ce, a hankali, saboda bakin, "Salamu alaikum."

Ɗanbaba ya gyara riƙon sandarsa.

"Wa alaikumus salam. Yi sauri, magariba na wucewa."